Idan fatar ido ta sauko ta rufe ido: abin da za ka duba kafin ka kai mutum asibiti

Mutum ya kwana lafiya, da safe ido ɗaya ya ƙi buɗuwa, fatar ta sauko kamar labule. Nan Maradi abin da za ka fara ji shi ne iska ce ko sammu, a kawo hayaƙi da rubutu. A yi addu'a, amma a fara duba idon tukuna.

Ɗaga fatar da yatsa a hankali. Jijiyoyi 3 ne daga ƙwaƙwalwa ke juya ido, likitoci na ce musu ta 3, ta 4 da ta 6. Ta 3 ɗin ita ke ɗaga fatar ido, ita ke jan tsoka 4 cikin 6 masu motsa shi, in ta samu matsala za ka ga idon ya karkata waje ya yi ƙasa, mutum kuma ya ce abu biyu-biyu yake gani.

Yanzu kunna fitilar salula a ɗaki mai ɗan duhu ka haska idanun ɗaya bayan ɗaya, ka kalli ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiya. In na idon mai ciwo ya fi ɗayan faɗi kuma bai tsukewa da haske, balle ga ciwon kai mai tsanani ko amai, to wallahi kada a jira gobe, yana yiwuwa jijiyar jini ce ta kumbura cikin kai tana danne ta 3 ɗin, in jijiyar jinin ta fashe kuwa rai ake magana. A wuce babban asibiti inda ake sikanar kai, ba ɗan likitan unguwa ba, kuma kar ka bari ya hau babur da kansa, mai ganin hanya biyu ai bai tuƙi.

In ɗigon daidai yake da ɗan uwansa kuma dattijo ne mai ciwon suga ko tansiyo (hawan jini), galibi jini ne bai isa jijiyar ba, yakan warware cikin wata 3. Duk da haka likita ne zai faɗi hakan, ba kai ba. A tafi da magungunan da yake sha, a gwada suga da tansiyo. Kafin nan a rufe ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta, gani biyun zai daina.

Ka tambaye shi lokacin da fatar ke saukowa ma. Wanda da safe garau, da yamma fatar ta yi nauyi, wannan wata cuta ce daban ta raunin tsoka, tana da magani. Wanda kuma maciji ya sara a gona sai idanu suka fara rufewa, dafi ne ke aiki, numfashi zai iya biyowa, a ruga da shi.

Maganin ɗigawa na 'yan talla a bakin kasuwa ku bar shi, ciwon ba a saman ido yake ba. Yaro ƙarami kuwa a kai shi asibitin ido da wuri, don idon da ya daɗe a rufe ganinsa kan raunana ko da daga baya fatar ta ɗaga.