Yadda ake kaɗa ƙuri'a a zaɓen mataimakin gwamna a jihar Virginia

Mu da muka taso a Najeriya mun saba ganin mataimakin gwamna a matsayin ɗan rakiya. Sashe na 187 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ɗan takarar gwamna ɗauko abokin takararsa, a dangwala musu ƙuri'a ɗaya, su ci tare ko su faɗi tare. A jihar Virginia ta Amurka abin ba haka yake ba. Kujerar mataimakin gwamna tana da layinta a takardar ƙuri'a, kowa tasa ta fisshe shi. Shi ya sa daga 2006 zuwa 2010 gwamna Tim Kaine ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, mataimakinsa Bill Bolling kuwa ɗan Rifablikan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda nake ganin 'yan'uwanmu da suka samu takardar zama 'yan ƙasa suna fita zaɓen shugaban ƙasa, amma in an zo na jiha sai su ce ba ruwansu. Wasu ma in sun je, sai su zaɓi gwamna su bar layin mataimaki fayau. Wannan asara ce. Mataimakin gwamna shi ke shugabantar zaman majalisar dattawan jihar mai kujeru 40, kuma in ƙuri'ar sanatoci ta yi kunnen doki, 20 da 20, a kan yawancin ƙudirori shi ke raba gardama. Tun zaɓen 2023 bambancin jam'iyyun biyu a majalisar 21 da 19 ne, ka ga mutum ɗaya ya sauya ra'ayi magana ta koma hannunsa. Ga kuma wani abu: gwamnan Virginia ba ya yin wa'adi biyu a jere, don haka mai wannan kujera shi ne sau da yawa ke neman ta gwamna a gaba. Douglas Wilder, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a tarihin Amurka, daga nan ya hau a 1990. Kaine ma haka, Ralph Northam ma haka.

Mataki na farko: ka tabbatar kana da hurumin yin zaɓe. A nan nake so a tsaya a nutsu, domin kuskure a wannan gaɓa yana iya rusa wahalar shekaru. Sai ɗan ƙasar Amurka, mazaunin Virginia, wanda zai cika shekara 18 zuwa ranar babban zaɓe. Mai katin zama na dindindin, wanda muke kira girin kad, ba ɗan ƙasa ba ne, ko da ya shekara ashirin yana biyan haraji. In ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a ya aikata laifi a dokar tarayya, abin da kan iya hana shi zama ɗan ƙasa, ya kuma jawo a kore shi daga ƙasar. Tarkon ya fi yawa a ofishin lasisin tuƙi, wato DMV, inda ake tambayar mutum ko ɗan ƙasa ne, ko kuma yana son a yi masa rajistar zaɓe. Don Allah ka karanta tambayar da kyau kafin ka taɓa komai. In Turancin ya yi maka nauyi, ka tafi da wanda zai karanta maka.

Akwai kuma ɗaya gefen. A 2024 jihar ta cire sunayen mutane kusan 1,600 daga rajista bisa bayanan DMV da suka nuna ba 'yan ƙasa ba ne, Kotun Ƙolin Amurka ta bari a ci gaba da hakan ana saura kwanaki zaɓe, daga baya kuma aka ga akwai 'yan ƙasa na gaskiya a cikinsu. Saboda haka in ka karɓi lasisinka tun kafin ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ka koma a gyara bayananka.

Na biyu: rajista. Ana yin ta a shafin intanet na Sashen Zaɓe na Virginia, ko a ofishin magatakardan zaɓe na gundumarku ko birninku, ko a DMV. Ba a tambayar jam'iyyarka, Virginia ba ta rajistar mutane da jam'iyya. In ka yi ƙaura, ko daga gundumar Fairfax zuwa ta Prince William ne, ko daga wannan layi zuwa wancan, ka sabunta adireshi, domin shi ke nuna rumfarka. Wanda ranar rufe rajista ta wuce shi bai rasa ba: tun 2022 ana iya yin rajista a kaɗa ƙuri'a rana ɗaya, sai dai ƙuri'ar wucin gadi za a ba shi, wadda ba za a ƙirga ba sai an tantance shi. Gara a yi da wuri a huta.

Na uku: kada ka raina zaɓen fid da gwani. Virginia tana zaɓen gwamna da mataimaki da babban lauyan jiha a shekarar da ke bin ta zaɓen shugaban ƙasa: 2017, 2021, 2025, na gaba 2029. In jam'iyya ta zaɓi yin zaɓen fid da gwani na jama'a, a watan Yuni ake yi, kuma duk mai rajista yana iya shiga, amma na jam'iyya ɗaya kaɗai a rana. A nan ƙuri'a ta fi tsada, domin masu fitowa kaɗan ne. A Yunin 2025 mutum shida suka nemi tikitin Dimokurat na wannan kujera, Sanata Ghazala Hashmi ta sha da ƙyar a gaban tsohon magajin garin Richmond, Levar Stoney, da Sanata Aaron Rouse. Ranar 4 ga Nuwamba ta kayar da John Reid na Rifablikan, ta zama mace Musulma ta farko da aka zaɓa a muƙamin da ya shafi jiha baki ɗaya a Amurka. A Hyderabad ta Indiya aka haife ta. Wadda ta riga ta a kujerar, Winsome Earle-Sears ta Rifablikan, haifaffiyar Jamaika ce. Mata biyu a jere, kowacce ta shigo ƙasar tana yarinya. Ban kawo wannan don in ce a zaɓi mutum saboda addini ko asali ba. Ka duba abin da ɗan takara ya yi a kan makarantun yara, da kuɗin haya, da asibiti, in kuma ya taɓa zama ɗan majalisa, ƙuri'un da ya kaɗa suna nan a rubuce a shafin majalisar.

Na huɗu: ka zaɓi hanyar da ta dace da aikinka. Hanya uku ce. Ana buɗe zaɓen wuri kwana 45 kafin ranar, a ofishin magatakarda da wasu wurare da gunduma ke warewa, har zuwa Asabar ta ƙarshe, kuma tun 2020 ba a neman uzuri. Ga mai tuƙin haya ko mai aikin dare a asibiti, wannan ita ce ta fi. Ta biyu ita ce ta gidan waya: ka nemi a aiko maka da takardar, ka cike, ka bi umarnin da ke jikin ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka sa hannu. Dole hatimin gidan waya ya kasance na ranar zaɓe ko kafinta, takardar kuma ta isa kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'ar da ke biye. In lokaci ya ƙure, ka kai da kanka ka jefa a akwatin da aka tanada. Ta uku ita ce ranar zaɓen kanta, Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, daga 6 na safe zuwa 7 na yamma. In bakwai ta same ka a layi, kada ka fita, doka ta ba ka damar ka kaɗa.

Na biyar: a cikin rumfa. Ka tafi da shaida: lasisin tuƙi, ko fasfon Amurka, ko takardar kuɗin wuta ko ta banki mai ɗauke da sunanka da adireshinka. In ka manta, za a ba ka takardar rantsuwa ka sa hannu cewa kai ne. A bakin ƙofa za ka tarar da 'yan jam'iyyu suna miƙa samfurin ƙuri'a da suka riga suka cike da sunayen mutanensu. Doka ta tsayar da su nesa da ƙofa da ƙafa 40, kuma ba dole ka karɓa ba.

Takarda ce za a ba ka, ba a dangwale da yatsa. Ka cike ɗan da'irar da ke gefen sunan da kake so da alƙalamin da aka ajiye. Ba wani wuri guda da za ka cike ya zama ka zaɓi jam'iyya gaba ɗaya, kowace kujera sai ka bi ta: gwamna, sannan mataimakin gwamna, sannan babban lauyan jiha, sannan ɗan majalisar wakilan jiha. Ka juya bayan takardar, wani lokaci akwai saura. In ka cike mutum biyu a kujera ɗaya ko hannunka ya goce, kada ka yi ƙoƙarin gogewa, ka mayar a ba ka sabuwa. Dattijon da ba ya karanta Turanci yana iya shiga da ɗansa ko wani amintacce ya taimaka masa bayan sun cike takardar neman taimako, in dai ba mai gidansa na wurin aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. Mai shekara 65 ko mai larura kuwa yana iya zama a mota a kawo masa ƙuri'ar. In ka gama, kai da kanka za ka zura takardar a na'ura, ka tsaya har ta nuna ta karɓa.

Sakamako yakan fara fitowa a daren, amma ba ya zama na hukuma sai hukumar zaɓen jiha ta tabbatar bayan an ƙirga na gidan waya da na wucin gadi. In tazarar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, wanda ya faɗi yana da damar neman a sake ƙirga. In ƙuri'ar wucin gadi ka kaɗa, ka kira ofishin magatakarda a cikin makon ka ji ko akwai takardar da suke jira daga wurinka.