Yadda Ake Gina Jaridar Intanet Ta Samu Karɓuwa a Bauchi

Duk wanda ya yi niyyar buɗe jaridar intanet ta labarai da nishaɗi a Bauchi, abin da ya kamata ya fara tsayarwa shi ne irin labarin da zai riƙa kawowa wanda mai karatu ba zai same shi a wani wuri ba. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, jaridar Aminiya kuma tana fitowa tun 2006, kuma suna da wakilai da kayan aikin da sabon shiga ba zai iya ja da su ba a kan labaran Abuja ko na ƙasashen waje. Sai dai ba kullum suke shiga kasuwar Muda Lawal su tambayi farashin doya da kwandon tumatir ba, ba kuma kowane wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists suke bibiya ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 20, kuma abin da ke faruwa a Gamawa ko Ningi ko Dass sau da yawa yakan tsaya a bakin majalisa ne kawai. Wannan giɓin shi ne jarinka, saboda haka ka nemi amintaccen mutum a kowane yanki, ko malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa, wanda zai riƙa sanar da kai abin da ya gani da idonsa.

Maganar rajista ba ta da wahala. Ka yi wa sunan jaridar rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ka sayi adireshin intanet mai ƙarewa da .ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da irin waɗannan adireshi, ta amince da su, sannan ka gina shafin da manhajar WordPress. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne nauyin shafi. Yawancin masu karatunka da ƙaramar waya suke shiga, da datar da suke lissafi a kanta, don haka ka rage girman kowane hoto kafin ka ɗora, kuma ka gwada buɗe shafin da waya mai araha a inda sabis ba shi da ƙarfi. Idan ya yi jinkirin buɗewa a hannunka, to mutumin Alkaleri ya riga ya fita.

Tantance labari shi ne inda jarida ke samun suna ko ta zubar da shi, kuma a nan nake so a fi natsuwa. A ce da ƙarfe goma na dare an turo maka saƙon murya ta WhatsApp cewa gobara ta tashi a wata kasuwa, haɗe da hoton rumfuna suna ci da wuta. Kada ka wallafa. Ka fara sanya hoton a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa, domin sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne daga wata jiha. Daga nan ka kira wanda yake da rumfa a kasuwar ko yake zaune kusa da ita, ka kira hukumar kashe gobara, ka nemi kakakin rundunar 'yan sanda, kuma kada ka rubuta adadin mutanen da suka rasu ko dukiyar da aka yi asara sai ka faɗi wanda ya ba ka adadin. Wataƙila wasu su riga ka da rabin sa'a, amma idan mutane suka lura cewa naka labarin ba ya sauyawa da safe, wurinka za su riƙa zuwa neman tabbaci. A jihar da ƙabilu da mabiya addinai daban-daban suke zaune tare, kanun labari guda na ganganci yana iya jawo asarar rai. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama 'yan jarida a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar. Idan aka yi kuskure, a gyara a fili a ƙasan labarin, kada a goge a yi shiru.

Ɓangaren nishaɗi shi ne yake jawo jama'a da sauri, musamman labaran Kannywood, amma ina ganin bai dace jarida ta rayu da tonon sililin auren 'yan fim ba. Akwai hawan sallah na masarautun Bauchi da Katagum da Misau, akwai dambe da kokawa bayan kaka, akwai matasan mawaƙa da sha'irai da babu wanda ya taɓa zama ya yi hira da su, ga kuma masu zuwa yawon buɗe ido a Yankari. Kada ka ɗora waƙa ko fim ɗin wani ba tare da izininsa ba, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet.

Wajen isar da labari, ka yi amfani da Facebook da TikTok da tashar WhatsApp, ka riƙa saki da sassafe da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka fi duba waya. Tunda al'ummarmu ta saba da sauraron rediyo, ka haɗa kowane babban labari da gajeren bidiyo ko murya ta minti ɗaya saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba.

Kuɗi kuwa ba sa zuwa da wuri. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyoyi, sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, don haka tallan gida ya fi kusa: makarantu masu zaman kansu, shagunan atamfa, masu sayar da taki da iri. Idan kakar zaɓe ta ƙarato, 'yan siyasa za su zo da tayi mai tsoka. Kana iya karɓar tallansu, amma ka rubuta “Talla” ƙarara a samansa, ka sanya farashi ɗaya ga kowace jam'iyya, kuma ka rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin bai sayi shafin labarai ba.