Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa sabuwar gphoto2 a kan tsohuwar Ubuntu

Ubuntu 20.04, wata fitowa ta babbar manhajar kwamfuta ta Ubuntu, ta fito a watan Afrilun 2020, kyamarorin Canon EOS R5 da R6 kuwa sai daga baya a cikin shekarar suka shigo kasuwa, don haka manhajar gphoto2, ta sarrafa kyamara daga kwamfuta, da aka shirya wa wannan fitowa ta girme su, ba ta san su ba. Mai irin wannan kyamara da ke son sarrafa ta daga kwamfuta ba tare da ya sauya babbar manhajarsa ba, yakan koma ga harhaɗa sabuwar gphoto2 daga tushe da kansa, wato ya mayar da rubutaccen asalin manhajar zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Aikin ba shi da wuya, amma akwai wuraren da mutane ke yawan tuntuɓe.

Na farko shi ne ɗaukar gphoto2 a matsayin abu guda. Ita gphoto2 hanyar ba da umarni ce kawai, sanin kyamarori kuwa yana cikin laburaren libgphoto2, wato tarin ayyukan da gphoto2 ke kira don magana da kyamara. Wanda ya harhaɗa gphoto2 ita kaɗai bai ƙara komai ba. Laburaren ake fara harhaɗawa a girka, sannan gphoto2 ta biyo baya.

Daga nan sai gaggawar wuce taƙaitaccen bayanin da ./configure, umarnin da ke duba abin da ke kan kwamfutar kafin a harhaɗa, ya rubuta a ƙarshe. Idan babu kunshin libusb-1.0-0-dev, aikin na iya kammaluwa lafiya, a samu laburaren da ba ya magana da USB sam, mutum ya yi ta zargin waya. A fara girka build-essential, pkg-config, libltdl-dev, libexif-dev da libusb-1.0-0-dev, da kuma libpopt-dev wanda gphoto2 ke buƙata, sannan a karanta taƙaitaccen bayanin a tsanake. Wanda ya ɗauko tushen daga git, ma'ajiyar masu rubuta manhajar, sai ya gudanar da autoreconf tukuna, domin fayil ɗin configure ba ya zuwa a ciki.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane, a ganina, yana faruwa ne bayan komai ya yi kamar ya kammala. Umarnin make install yana ajiye sabon laburare a /usr/local/lib, tsohon kuma yana nan a mazauninsa ƙarƙashin /usr/lib, wato kwamfutar na ɗauke da biyu a lokaci guda. Muddin ba a gudanar da sudo ldconfig ba, umarnin da ke sabunta jerin laburarorin da tsarin ya sani, tsohon za a ci gaba da lodawa, sai mutum ya yanke hukuncin cewa sabuwar fitowar ma ba ta san kyamararsa ba, alhali bai taɓa gwada ta ba. Umarnin gphoto2 --version yana nuna lambar libgphoto2 da ake amfani da ita a zahiri, umarnin ldd kuma yana nuna daga wane wuri aka ɗauko ta. Kada a yarda an gama sai an ga sabuwar lambar da ido.

Wasu kan nemi maganin wannan ta hanyar cire kunshin libgphoto2-6 na asali, wanda hakan ganganci ne, domin wasu manhajojin tebur kamar Shotwell sun dogara da shi, kuma apt, mai girkawa da cire kunshe-kunshe, zai kwashe su tare. Wanda ya fi wannan muni shi ne jona rumbun manhajojin sabuwar Ubuntu a kan tsohuwa don a samu kunshi ɗaya, abin da kan jawo sauya glibc, babban laburaren da kusan duk manhajoji suka dogara da shi, ya dagula tsarin baki ɗaya. A bar kunshin libgphoto2-6 na asali a wurinsa.

Idan kuma aka ci karo da saƙon "Could not claim the USB device", harhaɗawar ba ta da laifi. Galibi GNOME, manhajar teburin Ubuntu, ce ta riga ta kama kyamarar ta hanyar gvfs, ɓangarenta mai buɗe fayilolin na'urori, da zarar an jona ta, sai a sauke ta daga manhajar fayiloli ko a tsayar da gvfs-gphoto2-volume-monitor. Idan kyamarar tana aiki da sudo kaɗai, wato da ikon mai kula da tsarin, matsalar izini ce: a yi amfani da print-camera-list da ke zuwa tare da laburaren a samar da sabbin dokokin udev masu ba da izinin amfani da na'urori, a ajiye su a /etc/udev/rules.d, sannan a cire wayar a mayar. A kuma adana jakar da aka yi harhaɗawar a ciki, domin daga nan ne ake gudanar da make uninstall ranar da aka sabunta Ubuntu.