Idan mai ciwon zuciya ya fara ƙuraje bayan sabon magani

Aikina jinya ne a nan Kano, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a kawo dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya fatarsa na saluɓewa, 'yan uwa suna cewa sun ɗauka ƙyanda ce ko borin jini. Wani lokaci magani ne ya juya wa jiki. Likitoci na kiran cutar Stevens-Johnson, sunayen likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana ta a 1922.

Ka riƙa rubuta ranar da Baba ko Hajiya suka fara kowane sabon magani, domin yawanci tana ɓullowa cikin makonni takwas na farko. Ka fi sa ido a kan allopurinol, wanda ake ba masu wani irin ciwon gaɓoɓi da ake kira gout. Masu ciwon zuciya na yawan haɗuwa da shi, saboda magungunan da ke sa su fitsari kan tara sinadarin da ke kawo wannan ciwon gaɓoɓin. Haka kuma ka sa ido a kan Septrin, Fansidar da maganin farfaɗiya irin carbamazepine.

Da zazzaɓi take farawa, da ciwon maƙogwaro da jan ido, sai a ce maleriya ce a garzaya kemis. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙuraje su fito. Ka tambayi majinyacin: zafi suke yi ko ƙaiƙayi? Fata mai zafi in an taɓa, leɓɓa sun farfashe, baki ko al'aura sun yi gyambo, bororo ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi, wannan ba abin kwana a gida ba ne.

Kada a ƙara ba shi sabon maganin. Amma kada ku dakatar da tsofaffin magungunan zuciyarsa da kanku, barin wasunsu kwatsam haɗari ne. Tattara duk kwalayen a leda, har da jiƙo da na kemis, ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Don Allah ban da shafa man kaɗanya, toka ko fasa bororon.

Da isarku ka faɗi cewa yana da ciwon zuciya. Zai buƙaci ƙarin ruwa saboda fatar na zubar da shi, amma zuciya mai rauni ba ta ɗaukar ruwa da yawa, dole a auna a hankali.

In Allah ya ba shi lafiya, a rubuta sunan maganin da ya jawo cutar a katinsa na asibiti, a kuma rubuta a wata takarda a ajiye a aljihunsa, ya nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani.