Yadda Sabon Mai Ɗaukar Hoto Zai Shirya Wa Aikin Hoton Kwalliya Na Farko

Aikin hoton kwalliya na farko yakan zo wa mutum ne daga cikin gida ko unguwa. Wata mai kwalliya ce take son hotunan da za ta tallata aikinta a Instagram, ko tela ya gama ɗinkin Sallah yana neman a nuna shi a jikin mutum, ko kuma 'yar uwa ce bikinta ya matso tana son hoton da za a buga a kalanda da jakunkunan rabo. Abin da ake nema a irin wannan hoto shi ne wadda aka ɗauka ta fito a mafi kyawun kamanninta, fuska da tufa da ado duka su bayyana, ba tare da ta koma wata daban ba. A ganina tsadar kyamara ba ta da wani babban tasiri a rana ta farko. Abu biyu ne suke yanke hukunci: ko wadda za ka ɗauka ta amince da kai har ta saki jiki, da kuma ko ka fahimci haske guda ɗaya da kyau kafin ranar ta zo.

Ka fara da zama da mai hoton, kwana uku ko huɗu kafin aikin, ko da ta waya ne. Ka tambaye ta abin da za a yi da hotunan, domin hoton da za a buga a babban allo ba ɗaya yake da wanda za a ɗora a waya ba, sannan ka ji shiga nawa za ta yi, da irin launin kowace. Ka roƙe ta ta turo maka hotuna biyu ko uku na salon da yake burge ta, saboda kalmar kyau kowa da abin da yake nufi da ita. Daga nan sai maganar da sababbin shiga suka fi tsallakewa, wato iyaka. Shin za ta bar mayafi a kanta ne, ko ɗaurin kallabi kawai, kuma wane ne aka yarda ya ga hotunan? Shin ta yarda ka sa wasu a shafinka don neman kasuwa? Wannan tambaya ta ƙarshe dole ne amsarta ta kasance a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma idan ta ce a'a, maganar ta ƙare ke nan. Hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa, kuma a wajenmu hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba yana iya ɓata baiko ko ya jefa yarinya cikin surutun da za ta daɗe tana fama da shi. Idan ba ta kai shekara 18 ba, da iyayenta za ka yi maganar, kuma ɗaya daga cikinsu ko wani babba da suka wakilta ya kasance a wurin. Ko babba ce ma, ka ce ta zo da ƙawa ko 'yar uwa, musamman idan kai namiji ne. A wannan zaman ne kuma za ku tsayar da farashi, da kafin alƙalami, da adadin hotunan da za ka gyara, da ranar da za ka miƙa su.

Maganar kayan aiki gajeriya ce. Kowace kyamara da ake canja wa gilashi za ta yi, ko da tsohuwa ce ta hannu. Gilashin 50mm mai f/1.8 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba babbar ƙofa) yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon da Sony, kuma a kan kyamarorinsu masu ƙaramin faifan ɗaukar haske na ciki yana ba da kusan abin da 75mm ko 80mm ke bayarwa a manya, wanda shi ne daidai hoton fuska. Abin da za ka guje wa shi ne matsowa dab da fuska da gilashi mai faɗi irin 18mm ko 24mm, domin yana ƙara girman hanci da goshi, ya mayar da kunnuwa baya. Ka tanadi batir biyu cikakku, da katin ajiya biyu da ka riga ka share, sannan ka saita kyamarar ta riƙa ajiye hoto a tsarin RAW, wanda yake ba ka damar gyara launi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Haske shi ne inda ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane mai ado rataye a bayan mutum, kuma har yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya. Don haka idan ba ka da fitilar situdiyo, ka nemi ɗaki mai babbar taga wadda rana ba ta shigowa kai tsaye, ko baranda mai inuwa, ka zaunar da mai hoton kamar taku biyu daga bakin tagar, fuskarta ta ɗan karkata wajen hasken. Idan rana tana dukan tagar, farin labule marar kauri zai tausasa ta. Ka kashe duk ƙwan lantarkin da ke ɗakin, saboda hasken rana yana kusan 5500 a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna launin haske da shi, tsohon ƙwai mai ja kuwa yana wajen 3000, kuma idan suka haɗu a fuska ɗaya, wani gefen zai yi shuɗi wani ya yi ruwan lemo, abin da yake da wuyar gyarawa. Hasken taga yana da wani amfanin kuma da duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai fahimta, ba ya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Idan kana da filasha, ka yi aiki da guda ɗaya tak, a cikin lema ko akwatin tausasa haske. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, gwargwadon girman abin da hasken yake fitowa daga cikinsa da kusancinsa da fuska, gwargwadon laushin inuwar. Haka nan idan ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka taku ɗaya da ka matsar da ita yana canja hoton sosai. Tsarin da aka fi sani a hoton kwalliya shi ne a sa fitilar a gaban fuska, sama da kai kaɗan, tana kallon ƙasa, har sai wata 'yar inuwa mai kama da malam buɗe littafi ta bayyana a ƙarƙashin hanci. Masu hoton taurarin Hollywood na shekarun 1930 ne suka shahara da shi, saboda yana fito da ƙashin kumatu. Sai ka ƙara faifan mayar da haske a ƙasan haɓa, a kan cinyarta ko a hannun mai taimaka maka, ya cike inuwar wuya da ta ƙarƙashin ido. Farin kwali babba ma yana yin wannan aikin. Idan kana son hoto mai ɗan duhu da kwarjini, ka mayar da fitilar gefe kamar rabin hanya tsakanin gaba da kafaɗa, har wani ɗan haske mai kusurwa uku ya fito a kumatun da ke cikin inuwa, salon da ake kira da sunan Rembrandt, mai zanen nan na Holan. Amma ka fara da na farkon, shi ne ya fi yafe kuskure.

Akwai abin da nake ganin wajibi ne a dage a kansa, wato launin fata. Ma'aunin haske na kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani matsakaicin toka-toka, saboda haka idan mai hoton ta sa farin leshi ko farar shadda, kyamara za ta rage haske, fuskar ta yi duhu fiye da yadda take. Matsalar tana da tarihi, domin a zamanin fim, katin da kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa, kuma an daɗe ana auna kowa da shi. Maganin wannan shi ne ka saita kyamarar da hannunka, ka auna daga fuska, sannan ka duba cewa farin tufar bai ƙone ba har adonsa ya ɓace. Baƙar fata tana ɗaukar siffarta ne daga sheƙin da haske ke yi a goshi da kumatu da karan hanci, shi ya sa babban haske mai laushi ya fi yi mata kyau, yana shimfiɗa sheƙin maimakon ya tara shi wuri guda. Kada ka ƙara haske don ka mayar da ita fara. Aikinka shi ne wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa, baƙa ta fito da baƙinta mai kyau, kuma fuska da wuya da hannu su kasance launi ɗaya. A farkon kowace shiga ka ɗauki hoto guda tana riƙe da farar takarda ko katin toka, zai zama ma'auninka a lokacin gyara.

Ka yi magana da mai kwalliya tun da wuri, domin ita abokiyar aikinka ce. Wasu nau'o'in hoda, musamman farare masu sinadarin silika, ba a ganinsu da ido, amma da filasha ta haska sai su fito fari fat a ƙarƙashin ido. Saboda haka kafin ta tattara kayanta, ka ɗauki hoton gwaji ku duba tare, kuma ka roƙe ta ta zauna har a gama, ita ce za ta riƙa goge gumi, ta gyara mayafi da sarƙa. Kai ba ka da dalilin taɓa mai hoton ko kaɗan. Duk abin da kake so a gyara, ka faɗa da baki. Babban ɗauri irin na ashoke yana jefa inuwa a goshi idan fitila ta yi sama da yawa, sai ka sauko da ita kaɗan. Leshi mai duwatsu yana walƙiya fiye da kima a ƙarƙashin filasha marar lema, yadi mai siraran layuka kuma yakan haifar da wasu igiyoyin launi a hoto. Lalle kuwa a yi shi kwana guda kafin ranar, ya bushe ya kama. Idan atamfar tana da zane mai yawa, bango ko labule marar ado ya fi, kuma ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninta da shi don kada inuwarta ta faɗa a kai.

Kwana guda kafin aikin, ka je wurin a daidai lokacin da za a yi shi, ka zaunar da ƙanwarka ko abokinka, ka gwada komai. Da hasken taga za ka iya farawa da f/2.8, saurin ƙiftawa 1/200 na daƙiƙa, ISO 400 (ISO shi ne ƙarfin yadda kyamara ke jin haske), ka ƙara ko ka rage. Da filasha kuwa ka fara da f/5.6 ko f/8, ISO 100, saurin ƙiftawa 1/160, domin yawancin kyamarori ba sa jituwa da filasha idan aka wuce 1/200 ko 1/250, sai baƙin layi ya fito a gefen hoton. Sabon shiga yakan so ya buɗe gilashi har f/1.8 don baya ya dushe, amma a kusa da fuska hakan yana sa ido ɗaya ya fito sarai, ɗayan da ɗan kunne su dushe, alhali mai kwalliya aikinta take son gani dalla-dalla. Ka saita kyamara yadda idon da ya fi kusa da kai zai fito sarai. Idan fitilun LED masu araha za ka kunna, ka gwada 1/50 ko 1/100, saboda wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun kuma suna ƙiftawa tare da ita. Ka rubuta saitin da ya yi maka a takarda. A lokacin hunturu kuma ka guji canja gilashi a waje, ƙurar da ta shiga kyamara za ta bar ɗigo a kowane hoto.

A ranar aikin ka riga kowa zuwa, ka kafa komai yayin da ake kwalliya, wadda takan ci awa ɗaya zuwa biyu. Ka tsara lokacin yadda ba zai ci karo da salla ba, ka tanadi fanka da ruwan sha. Hotunan mintuna goma na farko yawanci ba sa yin kyau, domin mutum yana a takure, don haka ka fara da ita a zaune, kana yi mata hira. Umarninka ya zama gajere kuma cikin ladabi: "Hajiya, ɗan juyo da kafaɗarki wajen taga," ko "Anti, miƙo haɓa gaba kaɗan, sannan ki sauke ta." Idan kana son ta juya, ka nuna da hannunka maimakon ka ce dama ko hagu, saboda damarka hagunta ce. Hannu yana buƙatar abin yi, ta riƙe bakin mayafi, ko jaka, ko ta ɗora yatsu a kan awarwaro yadda lallen zai fito. Da zarar ka sami hoto mai kyau, ka nuna mata a bayan kyamara, za ka ga yadda fuskarta za ta sake. Idan wani bai yi ba, kada ka ɓata rai a gabanta, ka gyara fitilarka ka ci gaba. A kowace shiga ka tabbata ka sami na fuska, da na rabin jiki, da na tsaye, da na kusa da ke nuna ido da lalle da ɗinki.

Da ka koma gida, ka kwafe hotunan wuri biyu kafin ka taɓa katin. Ka tura mata ƙananan samfura ta zaɓa da kanta, sannan ka gyara waɗanda ta zaɓa a manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Photoshop. Abin da zai tafi da kansa cikin mako guda, irin ƙurji ko zaren da ya maƙale a riga, ka cire shi. Tsagen gado da tawadar Allah da wushirya kuwa ka bar su, sai idan ita ta nema. Kada ka goge fata har ta zama kamar roba. Wajen miƙawa, ka tura su a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba har ingancinsa ya ragu. Idan akwai waɗanda ta ce a share, ka share su daga kati da kwamfuta da waya, sannan ka sanar da ita cewa ka yi.