Yadda ake tanadin kafin alƙalami kafin a ci bashin gida a Gombe

Yawancin waɗanda na ga sun makale sun tara kashi 10 na kuɗin da mai gida ya faɗa, sai suka ɗauka magana ta ƙare. Da sauran rina a kaba.

Fara da sanin ƙofar da za ka bi. Idan ana cire maka kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, kuma ka yi aƙalla wata 6 kana zubi, bi ta bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Ruwansa kashi 6 ne, biyan kuma yana iya kai shekara 30. A ƙa'idar da aka sassauta a 2018, rancen da bai wuce naira miliyan 5 ba ba ya buƙatar kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kuwa kashi 10 ne. Bankunan kasuwanci sukan nemi kashi 20 zuwa 30, ga ruwa mai karya wuya. Ni ba na ba ɗan albashi shawarar su. Mai gudun riba ya tambayi Jaiz ko TAJBank, amma su ma sai ka ajiye naka kason.

Kafin ka ba kowa ko sisi, duba takarda. Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ba ta jingina. Sai da shaidar mallaka ta gwamnati, kuma ka je GOGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Gombe, da ƙafarka a bincika fayil ɗin.

To ga inda ake faɗuwa. Banki bai san farashin dillali ba, mai kimantawa yake turawa. A ce ka ga gida a Tumfure an yi ciniki miliyan 12, ka tanadi miliyan 1.2. Mai kimantawa ya zo ya ce darajarsa miliyan 10 ce. Banki zai ba da kashi 90 na goman, wato miliyan 9, ragowar miliyan 3 na wuyanka. Sannan abin da za a riƙa cira duk wata ba zai haura kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba. Idan rancen miliyan 7 kawai albashin zai iya ɗauka, giɓin ya koma miliyan 5. Don haka ka sa bankin jinginar da zai kai takardunka FMBN ya lissafa maka iyakar rancenka tukuna, sannan ka fita neman gida daidai da shi. Kada kuma ka miƙa wa mai gida kuɗin riƙo kafin kimantawa, sai an rubuta cewa zai dawo da su in rancen bai fito ba.

Ma'aikacin tarayya ko na kamfani yana da mafita. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda a ciri har kashi 25 na asusun fansho a biya kafin alƙalami, muddin an yi zubin wata 60 kuma saura aƙalla shekara 3 a yi ritaya. Adashi ma ya yi, amma kuɗin ya shiga asusunka da wuri, don za a duba shige da ficensa. Bashin da aka ci don cike gurbi kuwa ƙara rage maka rancen yake yi.

Ware wani abu daban na lauya, kimantawa, inshora, amincewar gwamna kan cinikin gidan da la'adar dillali. Ba ɗaya daga cikinsu da ke shiga cikin kashi 10 ɗin.