Yadda Ake Gasa Naman Ƙirjin Sa da Hayaƙi, Irin Gashin Mutanen Teksas

A teburin mahauci, naman ƙirji ba ya cikin wanda ake rububi. Tauri gare shi, ga jijiya, shi ya sa yawanci tukunyar miya ko ta farfesu yake ƙarewa. Amma a jihar Teksas ta Amurka wannan yanki, da suke kira biriskit, shi ne sarkin gashi. Jamusawa da 'yan ƙasar Cek da suka zauna a tsakiyar jihar a ƙarni na 19 sun buɗe shagunan fawa, naman da ya yi kwantai kuma sai su sa shi a hayaƙi don kada ya lalace, kusan yadda ake yin banda. Daga nan sana'ar ta samo tushe. A garin Lockhart akwai Black's Barbecue da ke aiki tun 1932, a birnin Ostin kuwa Franklin Barbecue, wanda aka fara a 2009, mutane kan yi sa'o'i a layi kafin su kai ga yanka guda.

Ƙirji shi ke ɗauke da nauyin gaban sa, don haka tsokarsa cike take da jijiya. In wuta ta yi yawa, jijiyar ta ƙanƙame, naman ya koma kamar fata. In kuwa aka bar shi cikin zafi kaɗan na tsawon yini, sai ta narke ta zama irin danƙon nan da kake gani a romon ƙafar sa idan ya huce. Aikin gaba ɗaya neman wannan narkewar ne, kuma yana cin awa 10 zuwa 14. Ka ware masa rana guda.

Wajen mahauci

Ka nemi ɓari ɗaya na ƙirjin, ɗungurungum. Tsoka biyu ce a haɗe: ɗaya shimfiɗaɗɗiya marar kitse sosai, ɗaya mai tudu da kitse ya ratsa cikinta. A Amurka irin wannan yakan kai kilo 5 zuwa 7, domin shanunsu na gidan gona ne da ake ɗura wa hatsi. Namu na kiwo, irin su Bunaji da Bokolo, sun sha tafiya, ƙirjinsu bai kai haka girma ba kuma kitsen ciki kaɗan ne. Saboda haka in da hali ka nemi na san turka, wanda ya sha dusa da harawa.

Ka je da sassafe kafin a daddatsa, ka tsaya a kansa. Hannun mahauci ya saba da feɗe kitse, kafin ka ankara ya gama. Ni abin da nake cewa ke nan: "Baba, don Allah a cire min ƙashi kawai, kitsen saman nan a bar min shi yadda yake." In naman watanda ne ko na layya da aka yanka yau, kada ka gasa shi yau. Ka sa shi a firji ya kwana ɗaya ko biyu, tsokar ta saki.

Gyara da barbaɗe

Kitse ya fi yankuwa da sanyinsa, don haka ka gyara naman da zarar ya fito daga firji. Ka rage kitsen saman ya dawo kamar rabin santimita ko fiye kaɗan, ka cire mai tauri irin na kyandir, wanda ba ya narkewa, ka datse siraran gefuna da za su ƙone. Kitsen da ka cire ka narkar da shi a ƙaramar tukunya ka ajiye, yana da aiki a gaba. Kafin ka barbaɗa komai, ka duba inda zaren tsokar ya nufa ka ɗan yanke kusurwa ɗaya a gicciye. Alama ce, domin bayan naman ya yi baƙi ba za ka ƙara ganin zaren ba.

Kayan haɗin Teksas biyu ne rak: gishiri da baƙin masoro mai tsakitsaki, daidai wa daida. Ga kilo 5, babban cokali huɗu na kowanne ya isa, in kuma gishirinka mai laushi ne ka tsaya a uku. Na san hannu zai so kai wa ga yajin tsire. Ka dakata. Ƙuli-ƙulin da ke cikinsa ba ya jure awa goma a hayaƙi, ƙonewa yake yi ya kawo ɗaci. Yaji sai a faranti.

Murhu da itace

Sharaɗin da ba a karyawa shi ne harshen wuta kada ya taɓa naman. A Teksas murhunsu ɗaki biyu ne, wuta a ƙarami, nama a babba, hayaƙi na ratsawa ya fita ta bututu. A gida, duro da mai walda ya tsaga gida biyu ya sa masa murfi da raga ya wadatar, muddin bai taɓa ɗaukar sinadari ko maganin ƙwari ba, kuma ka fara ƙone cikinsa da wuta mai ƙarfi har fentin ya tafi. Garwashi a can ƙarshe ɗaya kusa da ƙofar iska, nama a ɗaya ƙarshen inda hayaƙi ke fita, kwanon ruwa a tsakani.

Gawayi ke ba da zafi, itace ke ba da ƙamshi. Mutanen Teksas da itacen wata bishiya da suke kira oak suke yi. Busasshen icen gwaba ko na lemo yana ba da hayaƙi mai daɗi, gunduwa biyu ko uku a lokaci guda. Ka nisanci ɗanyen itace, da katako mai fenti, da darbejiya, da duk icen da ke fitar da ƙaro mai wari. Kada ka kunna da kananzir ko leda, warinsu yana kama nama. Ka jira har hayaƙin ya zama siriri, shuɗi-shuɗi, da kyar ake ganinsa. Farin hayaƙi mai kauri alamar wuta ba ta samun iska ce, shi ke sa nama ɗanɗanon toka.

Ka samu ma'aunin zafi, wanda ake cakawa a nama. Zafin cikin duron ya tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 130 a ma'aunin Selsiyus.

Gashin kansa

Ka ɗora naman, ɓangaren mai tudu na fuskantar wuta, ka rufe. Awa uku na farko hankalinka ya koma kan wuta, ka bar murfi ya huta, don duk buɗewa zafi ne ke gudu. Kusan kowace awa ka ƙara gawayin da ka riga ka rura a kurfoti, ba baƙi ba. Daga awa ta uku, in ka ga gefuna na bushewa, ka ɗan fesa musu ruwa.

Wajen awa ta biyar ko ta shida ne ake gane mai haƙuri. Zafin cikin naman yana hawa lafiya lau, sai ya kai tsakanin 65 da 75 ya tsaya cak, wani lokaci har awa uku ko huɗu. Ranar da na fara gwadawa, baƙi suna zaure, la'asar ta wuce, ma'auni ya ƙi motsi daga 68. Na ɗauka wutar ce ta gaza, na juye rabin buhun gawayi. Cikin awa guda bayan naman ya ƙone, cikinsa kuma yana nan da taurinsa. Ya yi min ciwo ƙwarai, don sa guda aka yanka kafin a samu wannan ƙirji ɗaya. Daga baya na fahimci dalili. Naman gumi yake yi, ruwan da ke tashi daga jikinsa yana sanyaya shi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa da raɓar da ke tsattsafowa ta bayanta. Babu laifin wuta a ciki.

Maganin shi ne naɗewa. Idan bayan naman ya yi baƙi-baƙi mai ɗan ja, ka kankara da farce ka ga barbaɗen ya kama ba ya fita, ka sauke shi. Mutanen Teksas da yawa takardar mahauta marar kakin shafe suke amfani da ita, don ɓawon da bayan naman ya yi ya zauna da ƙarfinsa. Ga naman shanunmu na fi son foyil ninki biyu, a zuba narkakken kitsen nan kamar rabin kofi kafin a rufe. Ɓawon zai ɗan yi laushi, amma naman ba zai bushe ba, kuma a ganina wannan cinikin ya yi riba. Jarida da takardar buhun siminti ba su da wuri a nan. Ka mayar da shi murhu. Tunda an naɗe, hayaƙi ya gama nasa, gawayi kaɗai ya isa, in ma kana da oben za ka iya ƙarasawa a ciki a kan 130.

Yana nuna ne a tsakanin 90 zuwa 96, amma hannu ya fi ma'auni gaskiya. Ka caka tsinken tsire a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar tsokar. In ya shige kamar cikin man shanu, ya yi. In ka ji ya ɗan tirje, ƙara masa rabin awa.

Hutu da yanka

Kada ka buɗe. Ka bar shi a waje kamar minti ashirin tiririn ya lafa, sannan ka naɗe shi da tsohon tawul mai tsabta, ka sa a kula ka rufe, awa biyu aƙalla. Zai iya kai awa huɗu muddin zafinsa bai sauka ƙasa da 60 ba. A wannan zaman ne romon ke daidaita a cikin tsoka, in ka yi gaggawar yankawa a kan katako zai tsiyaye.

Ka nemo kusurwar nan da ka yi wa alama ka fara daga nan, kana gitta zaren, kowane yanka kaurin fensir. Da ka iso tsoka mai tudu ka juya ta, domin zarenta wata fuska ya nufa, kuma a nan yanka ya fi kauri kaɗan. Za ka ga jan zobe a ƙarƙashin ɓawon. Kada ka ɗauka ɗanye ne, iskar da wutar itace ke fitarwa ce ta riƙe launin naman. Yanka mai kyau in ka rataya shi a yatsa lanƙwasawa yake yi bai tsinke ba, da ka ɗan ja kuma ya rabu.

A Teksas a kan takarda ake miƙo shi, da farin burodi da ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami. Da gurasa da yajin ƙuli ma yana tafiya sosai. Iya abin da za a ci za ka yanka, saura ka bar shi dunƙule cikin foyil ɗinsa da romonsa, ka sa a firji. Gobe ka ɗumama shi a rufe, a kan wuta kaɗan.